Idan manhaja ta ce ta adana, to ta adana

Wani ɗan ƙanwata da ke karatun lantarki yakan zo shagona a Zango da yamma ya yi aikinsa a kwamfuta. Kwamfutar tsohuwa ce, batirinta ya daɗe da mutuwa, sai an jona ta da bango take numfashi. Manhajar da ke ciki KiCad ce, ta zanen allon lantarki, tsohuwar fitowa ta 4, wadda wani abokinsa ya zuba masa daga filashi. Allon da zai riƙa kula da cajin batir daga sola yake zanawa.

Ranar nan tun bayan azahar ya duƙufa yana zaɓa wa kowane kaya sawunsa, wato tsarin hujin da ƙafafun kayan za su zauna a allo. Da ya gama ya danna hoton ɗan faifan nan da kowa ya sani, taga ta rufe, ya miƙa hannu ya karɓi shayi. Kofin bai kai bakinsa ba wuta ta ɗauke. Da ta dawo ya buɗe zanen, sai ga gurbin sawu fayau.

"Kawu, wallahi na adana," in ji shi. "A gabanka na danna."

A gabana ya danna kuwa. Abin da bai sani ba shi ne, maɓallin nan bai rubuta komai a faifai ba. Miƙa zaɓin ya yi ga tagar zane, can ya zauna a ƙwaƙwalwar wucin gadi yana jiran a sake adanawa karo na biyu. Wuta ta tafi da shi.

Wasu za su ce yaro ne bai karanta littafin manhajar ba. Ni ban yarda laifinsa ba ne. Duk maɓallin da ya nuna wa mutum ya adana masa aiki, to aikin ya sauka a faifai nan take, kuma a iya yin haka daga cikin tagar zaɓen sawu ba tare da ta rufe ba. Sai dai ina da sharaɗi, kuma nan ne nake rabuwa da wasu abokaina: kada manhaja ta rubuta ko ɗigo a kan zanen mutum ba tare da ya sa hannunsa ya ce ta rubuta ba.

Wane aiki ne wannan da ake ta magana a kansa

Mai zana allon lantarki aiki biyu yake yi. Da farko ya zana haɗin da alamomi: wannan rezistans ce, wannan kondansa, wannan taranzista, ga wayar da ta haɗa su. Alama ba ta da girma, ba ta da kauri. Daga baya sai ya shimfiɗa allon gaske, inda kowane kaya zai samu huji ko fili na tagulla daidai da ƙafafunsa. Wannan tsarin huji da filaye shi ne sawu. Tsakanin aikin farko da na biyu dole wani ya zauna ya ce wannan alama ga sawunta, waccan ga nata. A KiCad sashen da ke yin haka sunansa CvPcb tun da daɗewa.

A baki abin da sauƙi. Ɗauki NE555, ɗan ai-si (ƙaramin kayan lantarki mai ƙafafu da yawa) ɗin nan da kowane ɗalibi ke farawa da shi. A zane alama ɗaya ce, amma a hannu yana zuwa a DIP-8, mai ƙafafu da ake zurawa a huji, tazarar milimita 2.54 tsakanin ƙafa da ƙafa, yana kuma zuwa a SOIC-8, mai kwanciya a kan allo ba huji, tazarar milimita 1.27. Rezistans ta 0805 tsawonta milimita 2 ne, ta 0603 kuwa 1.6. Ka zaɓi ɗaya alhali ɗayar ce a aljihun teburinka, sai ranar narka dalma za ka sani.

Mu nan Damagaram nauyin ya ma fi haka. Injiniyan da ke Faransa ko Jamus yakan zaɓi kaya daga kundin dillali, ya ga lambar sawu a rubuce, ya yi oda, kwana kaɗan su iso masa. Mu baibai muke yi. Abin da ke hannu shi ke yanke hukunci: kondansar da aka ciro daga matacciyar talabijin, rile daga tsohuwar inbata, ƴan taranzistocin da wani ya taho da su daga kasuwar Sabon Gari ta Kano a cikin leda ba takarda. Sai ka ɗauki kondansa ka juya ta, ka sa ma'auni tsakanin ƙafafunta, ka ga ko milimita 3.5 ce ko 5, ka auna faɗin gangar jikinta, sannan ka shiga jerin sawu ka nemo wanda ya dace. Tashar da za a ɗaure wayar batir ma sai ka tabbata ko 5 ce ko 5.08, domin a ƙafa biyu ba a ganin bambancin, amma idan ƙafafun suka kai shida ba za ta shiga ba.

Ga kuma tsarin ƙafafu. Taranzistocin BC547 da 2N3904 jikinsu ɗaya, TO-92, ido ba ya raba su sai an karanta lambar, amma ƙafafunsu a juye suke da juna. A cikin masu daidaita ƙarfin wuta, LM7805 yana jera ƙafafunsa shiga, ƙasa, fita. AMS1117 yana jera ƙasa, fita, shiga. Duk wanda ya zauna zaɓen sawu yana lura da waɗannan ɗaya bayan ɗaya, yana duba lambar ƙafa a alama ko ta yi daidai da ta sawu.

Ke nan kowane layi a tagar nan hukunci ne da aka yanke bayan awo da dubawa. Idan ya ɓace, ba danne-danne kawai za a maimaita ba, har aljihun tebur sai an sake zazzagewa. Aiki irin wannan bai kamata ya zauna yana reto a ƙwaƙwalwar wucin gadi ba.

Inda matsalar ta samo asali

Jean-Pierre Charras ne ya fara rubuta KiCad a 1992, yana koyarwa a Grenoble ta Faransa. A zamanin farko CvPcb manhaja ce mai zaman kanta, tana da fayil nata mai ƙarewa da .cmp inda take rubuta wace alama ta samu wane sawu. A lokacin maɓallin adanawa yana da abin da zai adana.

A fitowa ta 4, wadda aka saki a 2015, zaɓin ya koma zama a cikin zanen kansa, a wani gurbi da kowace alama ke da shi. Gyara ne mai kyau, domin gaskiya ta dawo wuri guda, babu fayil biyu da za su saɓa wa juna. Amma ya bar CvPcb ba ta da fayil nata, hoton faifai kuma yana nan inda yake. A fitowa ta 5, ta 2018, aka sauya tsarin zuwa maɓallai uku a ƙasan taga: na amincewa, na fasawa, da wani mai dogon suna da ke cewa a aiwatar, a adana zane, a ci gaba. Wannan na ukun shi nake karewa, kuma ina ganin duk manhajar zanen allo ya kamata ta samu irinsa. Ban ce an gama ba, zan zo kan abin da ya rage.

"Ai za ta adana har abin da ba ka so"

Wannan ita ce hujja mafi ƙarfi da na ji, kuma daga bakin wanda ya san aiki ta fito. Tunda zaɓin a cikin zane yake zama, ba yadda za a rubuta shi a faifai ba tare da an rubuta zanen ba. To a ce kafin ka buɗe tagar sawu ka goge wani sashe na zanen don gwaji, da niyyar idan bai yi ba ka rufe ba tare da adanawa ba ka dawo da na jiya. Sai ka manta, ka shiga zaɓen sawu, ka danna adanawa. Gwajin ya hau kan aikin kirki. Idan zanen mai shafuka da yawa ne, kowane shafi da fayil ɗinsa, ɓarnar za ta iya taɓa fayil fiye da ɗaya.

Gaskiya ne, hakan na iya faruwa. Amma maganinsa ba a hana adanawa ba ne. Maganinsa a faɗa wa mutum. Tela yakan zana yadi da alli ya goge ya sake, ba wanda ya damu, amma kafin ya sa almakashi sai ya tabbata mai yadi ya san abin da za a yanka. Miƙa zaɓi ga zane allin ne, rubutawa a faifai kuwa almakashi. Maɓallin da ya fito fili ya ce zane zai adana ya yi rabin aikin. Ragowar rabin, idan akwai wasu sauye-sauye a zanen da ba a adana ba tun kafin a buɗe tagar, manhaja ta ce da shi a layi ɗaya: akwai gyaran da ka yi a shafi kaza, shi ma zai shiga. Sau ɗaya ta faɗa, ba kowane danni ba.

Sannan akwai kwafin baya. Tun daga fitowa ta 6, a ƙarshen 2021, KiCad na iya tara tsofaffin kwafin aikin a matse cikin wata jaka da ke gefen fayilolin. Wanda ya adana gwaji bisa kuskure yana da inda zai koma. Wanda wuta ta cinye wa aikin da ba a taɓa rubutawa ba kuwa ba shi da ko'ina. Idan aka ɗora asarar biyu a sikeli, ta biyun ta fi nauyi nesa ba kusa ba.

"To me ya sa ba za ta riƙa adanawa da kanta ba?"

Matasan da suka tashi da waya a hannu su ne ke wannan tambaya. A wayarsu ba su taɓa danna adanawa ba, rubutu na Google Docs ma haka, komai yana shiga da kansa. Me zai hana nan ma kowane zaɓi ya faɗa faifai da zarar an yi shi?

A nan na ja daga. Tagar zaɓen sawu tana ba ka damar haskaka layuka da yawa ka liƙa musu sawu ɗaya a danni guda. Da haka ake gama rezistans talatin cikin ƙiftawar ido, da haka kuma ake liƙa wa duk kayan allo sawun diyod idan hannu ya zame. Akwai ma maɓallin da ke zaɓa da kansa bisa wani jerin daidaito da aka tanada. Idan kowane motsi yana sauka a fayil na asali, kuskuren daƙiƙa ɗaya ya zama tarihi.

Kuma ba kullum mai buɗe zane ne mai shi ba. Malami yakan buɗe aikin ɗalibi ya duba, ya gwada wani sawu don ya ga siffarsa, ya rufe. Abokin aiki yakan karɓi filashi ya leƙa. Masu aiki da Git, manhajar da ke bin sauye-sauyen fayil, sun san ciwon buɗe fayil don kallo kawai, a wayi gari ya nuna an taɓa shi. Fayilolin KiCad rubutu ne zalla, ana iya kwatanta na jiya da na yau layi-layi, kuma wannan ni'ima tana lalacewa idan manhaja na rubutu ba da izini ba.

Masu wannan ra'ayi sun haɗa abubuwa biyu ne wuri guda. Kariya daga ɗaukewar wuta abu ne daban, sauya fayil na asali abu ne daban. Ina son na farko ya zama na kai tsaye. Na biyu sai da yardar mai aiki.

"Ku sayi batir mana"

Wannan amsa tana ba ni haushi fiye da sauran, domin mai faɗinta yana ganin ya kashe magana. Wai matsalar wutarku ce, ba ta manhaja ba.

Kowa a garin nan ya tuna watan Agusta na 2023, lokacin da Najeriya ta katse wutar da take turo wa Nijar saboda takunkumin CEDEAO, aka shiga watanni ana rabon wuta unguwa-unguwa. Ko ba takunkumi, bazara na zuwa, zafi ya haura digiri 40, kowa ya kunna fanka da firji, layi ya gaza. Zafin nan kuma shi ke cinye batirin kwamfuta da wuri. Yawancin kwamfutocin da ɗalibai ke riƙe da su na hannu ne, sun sha duniya kafin su iso, kuma sabon batir na gaske ba a kowane shago ake samunsa ba. Wanda ke da kuɗin inbata da batir mai kyau ya saya, madalla. Amma KiCad kyauta ce, kowa na iya ɗauka ya duba cikinta ya gyara, kuma dalilin da ya sa take a kwamfutar ɗalibin Zinder ke nan maimakon takwararta Altium mai lasisi mai tsada. Manhajar da ta isa hannun marasa ƙarfi saboda kyauta ce bai dace ta ɗauka kowa na da wuta irin ta Jeniba ta Turai ba.

Balle ma ba wuta kaɗai ke kashe aiki ba. Manhaja na iya sandarewa, musamman idan aka buɗe hoton kaya mai fuska uku a kwamfuta mai rauni. Wannan na iya faruwa har a CERN, cibiyar binciken kimiyya ta Jeniba, inda injiniyoyi suka sa hannu a gina KiCad tun 2013.

"Amincewa da fasawa sun isa"

Masu son taga mai tsabta suna cewa maɓallai biyu sun wadatar. Ka danna na amincewa, taga ta rufe, ka adana a zane, ka sake buɗewa ka ci gaba. Ina wahalar?

Wahalar tana wajen sake buɗewa. Tagar nan sai ta loda dubban sawu kafin ta nuna maka komai, kuma a tsohuwar kwamfuta jiran ba kaɗan ba ne. A fitowa ta 4 ma abin ya fi muni, domin a tsarinta na asali daga shafin GitHub take ɗebo sawun ta intanet, wato kowace buɗewa kuɗin data ne da addu'ar Allah sa layi ya riƙe. An gyara wannan a ta 5, sawun suka dawo cikin kwamfuta. Duk da haka, wanda ya san rufewa za ta jawo masa jira, ta kuma ɓatar masa da inda ya tsaya a jeri, ba zai rufe ba. Zai ce bari in ƙarasa tukuna. Haka ake tara aikin awa biyu ba a adana ba. Idan ana so mutane su riƙa adanawa akai-akai, dole abin ya zama mai araha: danni ɗaya, taga na nan, layin da kake kai na nan.

Maɓallin fasawa shi ma yana buƙatar gaskiya. Bayan ka adana ka ci gaba, fasawa ba za ta mayar da kai farkon zama ba, iyakarta inda ka adana na ƙarshe. Hakan daidai ne, amma ya kamata a gani. Alama ƴar ƙarama a gefen layukan da aka sauya tun adanawar ƙarshe ta isa. Mutum ya kalla ya san waɗannan bakwai ne ke cikin haɗari, sauran sun tsira. Wanda kuma ya rufe taga ta kusurwa da sauye-sauye a hannu, a tambaye shi.

Abu ɗaya da ba na so adanawa ta taɓa shi ne allon kansa. A KiCad sai ka danna maɓallin F8 sauyin zane ke ƙetarawa zuwa allo, kuma a bar shi haka. Sauya sawu a allon da aka riga aka ja wa layukan tagulla yana tsinka su, ƙafafu su koma wani wuri. Wannan hukunci ne da mutum zai yanke idonsa a kan allon, ba abin da zai faru a bayansa don ya danna adanawa a wata taga ba. Mu da allo ke zuwa mana daga masana'antun China bayan makonni, ko mu wanke shi da hannu a ruwan sinadari a bayan shago, mun san kuɗin kuskure ɗaya.

Wani zai ce ai tagar ma ta kusa zama tarihi, tunda yanzu alamomi da yawa da sawunsu suke zuwa, ana kuma iya zaɓa tun a cikin zane. Haka ne ga ai-si mai cikakkiyar lamba. Rezistans da kondansa da tashoshin waya kuwa a buɗe suke zuwa, kuma su ne suka fi yawa a kowane allo.

Abin da ya rage

KiCad tana da adanawa ta kai tsaye, wadda a tsarin asali take ajiye kwafin gefe bayan minti 10. Amma zane take karewa. Zaɓin da ke cikin tagar sawu, wanda ba a miƙa ba tukuna, bai zama ɓangaren zane ba, saboda haka ba shi cikin abin da za a ceto. Wanda ya nutse cikin awo ya manta da maɓallin nan na uku yana nan a fili.

Abin da nake nema ƙarami ne. Duk lokacin da aka liƙa wa alama sawu, manhaja ta ƙara layi ɗaya a wani ɗan fayil na gefe: R1 ta samu kaza, C4 ta samu kaza. Ko allo mai kaya 500 ne, fayil ɗin bai kai nauyin hoto ɗaya na WhatsApp ba. Ba ya taɓa zane, ba ya taɓa allo. Idan aka adana ko aka fasa, a goge shi. Idan kwamfuta ta mutu aka dawo, tagar ta gan shi ta ce: akwai zaɓin da ba a adana ba daga zaman baya, ga jerinsu, a dawo da su ko a zubar? Idan an sauya zanen a tsakani, har wata alama ta ɓace ko lambarta ta canza, ta tsallake wannan layin ta nuna shi daban, mai aiki ya duba da kansa.